Tsarin Rabe-Raben Tsirrai a Kimiyya da a Tunanin Bahaushe: Nazari Daga Ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta hanyoyin da masana kimiyyar tsirrai suka bi wajen rarraba tsirrai da hanyar da Bahaushe yake bi, tare da ɗauko misalai daga itatuwa da amfanin gonar da aka sani a arewacin Jihar Zamfara. An bibiyi tarihin tsare-tsaren kimiyya tun daga Theophrastus har zuwa tsarin APG na 2016, sannan aka auna sunayen tsirrai na Hausa bisa matakan da Berlin da abokan aikinsa suka fitar a 1973. Maƙalar ta nuna cewa sunayen Hausa suna da tsari mai matakai da ƙa'idar ƙirar suna, sai dai ma'auninsu siffa ce da amfani da muhalli, yayin da ma'aunin kimiyyar yau shi ne dangantakar asali. Saboda haka, jera sunan Hausa ɗaya a gaban sunan Latin ɗaya, ba tare da ambaton wuri da karin harshe ba, yana haifar da kuskure a ƙamus da koyarwa da binciken magunguna. An rufe da shawarwari kan keɓaɓɓun kalmomi da hanyar tattara sunaye.

Muhimman kalmomi: tsirrai, rabe-rabe, harɗaɗɗen suna, Sakkwatanci, keɓaɓɓun kalmomi

1.0 Gabatarwa

Manazarta Hausa sun daɗe suna cin karo da sunayen tsirrai a cikin karin magana da kirari da waƙoƙin noma da maganin gargajiya. Abin da aka saba yi shi ne a kawo sunan, a biyo shi da sunan Latin da aka ɗauko daga ƙamus, a wuce. Wannan ɗabi'a ta ginu a kan zaton cewa kowane sunan Hausa yana da takwara guda a kimiyya, kuma sunan kimiyyar tsayayye ne da ba ya motsi. Duka zato biyun suna da rauni. Sunan Latin na bagaruwa da na gero da na marke duk sun sauya a cikin shekaru ashirin da suka wuce, sannan kalmar gujiya tana nufin tsiro ɗaya a Kano, tana nufin wani dabam a Zurmi.

Manufar maƙalar ita ce fito da ma'aunin da kowane tsari yake amfani da shi, domin manazarci ya san inda tsare-tsaren biyu suka yi tarayya da inda suka raba hanya.

1.1 Farfajiyar Nazari

Ƙananan hukumomin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi suna arewacin Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1996. Ƙasa ce ta dajin Sudan, wadda gulaben Gagare da Bunsuru suke ratsawa kafin su zuba a gulbin Rima. A kan tudu ana noman gero da dawa da wake da gyaɗa da auduga, a fadama kuma shinkafa da albasa. A cikin gonaki akan bar gawo da kuka da tsamiya da ɗorawa, a saura da daji kuwa sabara da geza da kalgo suka fi yawa. Hausar yankin ta karkata ga karin yamma, wato Sakkwatanci da Zamfarci, kuma wannan yana da tasiri a kan sunayen tsirrai kamar yadda za a gani. Titin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ta Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da ake kaiwa bakin teku.

2.0 Tsare-Tsaren Rabe-Raben Tsirrai a Kimiyya

2.1 Tsarin Siffa da Amfani

Theophrastus, ɗalibin Aristotle, wanda ya rasu wajen shekara ta 287 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kasa tsirrai gida huɗu bisa yanayin girmansu: manyan itatuwa, da ƙananan itatuwa masu rassa tun daga ƙasa, da waɗanda ba su kai waɗannan ba, da ciyayi. A ƙarni na farko na Miladiyya, Dioscorides ya bayyana tsirrai wajen 600, ya fi mayar da hankali ga amfaninsu a magani. Malaman Musulunci sun ɗora a kan wannan. Abu Hanifa Dinawari ya rubuta Kitabun Nabat a ƙarni na 9, inda ya tattara sunayen tsirrai daga bakin Larabawan ƙauye da waƙoƙinsu, Ibn Baitar kuma, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya jera magunguna da abinci wajen 1,400. Ke nan, tsawon ƙarnoni masu yawa ma'aunin masana bai yi nisa da na manomi da mai magani ba.

2.2 Tsarin Linnaeus

Carl Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin, ya fitar da Systema Naturae a 1735 da Species Plantarum a 1753. Ya kasa tsirrai aji 24, mafi yawansu bisa adadi da yanayin zaruruwan namiji da ke cikin fure, waɗanda suke ɗauke da garin barbara. Aji na 24 ya keɓe shi ga tsirran da ba a ganin furensu. Tsarin yana da sauƙin aiki, domin duk mai iya ƙirga zaruruwan fure zai iya gano ajin tsiro, amma yana haɗa tsirran da babu abin da ya gama su sai adadin. An daina aiki da azuzuwan nasa tuntuni. Abin da ya wanzu shi ne suna mai kalma biyu, ta farko ta babban gida, ta biyu ta ɗan gidan, kamar Adansonia digitata ga kuka da Tamarindus indica ga tsamiya. Har yau littafin 1753 ne mafarin lissafin sunayen tsirrai masu fure.

2.3 Tsarin Kamanni Masu Yawa

Michel Adanson, Bafaranshen da ya zauna a Senegal daga 1749 kuma aka sa wa kuka sunansa, ya yi kira da a duba dukkan sassan tsiro kafin a yanke masa gida. Antoine-Laurent de Jussieu ya kasa tsirrai dangi 100 a 1789, ya kuma yi amfani da bambancin da John Ray ya riga ya lura da shi tsakanin masu tsirowa da ganyen farko guda ɗaya, kamar gero da dawa, da masu tsirowa da biyu, kamar wake da gyaɗa. George Bentham da Joseph Hooker sun faɗaɗa wannan hanya a littafinsu Genera Plantarum tsakanin 1862 da 1883, kuma da tsarinsu aka shirya ma'adanan busassun tsirrai da yawa a ƙasashen da Ingila ta mallaka.

2.4 Tsarin Dangantakar Asali

Bayan littafin Charles Darwin na 1859, masana suka koma neman tsarin da zai nuna wane tsiro ne ya haɗa kaka da wane. Adolf Engler a Jamus da John Hutchinson a Ingila kowannensu ya fitar da nasa bisa siffofin fure da 'ya'ya. Daga shekarun 1990 aka koma kwatanta sinadarin gado da ake kira DNA. Ƙungiyar masana da aka sani da APG ta fitar da tsarinta a 1998, ta sabunta shi a 2003 da 2009 da 2016, kuma na ƙarshen ya amince da dangi 416 na tsirrai masu fure. Ƙa'idar wannan tsari ita ce, ba a yarda da rukuni sai ya ƙunshi dukkan zuriyar kaka ɗaya.

Wannan ƙa'ida ce ta sauya sunayen itatuwa masu ƙaya na ƙasar Hausa. An gano cewa tsohon gidan Acacia ya tara zuriyoyi dabam-dabam. A babban taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Biyana a 2005 aka bar wa itatuwan Ostareliya sunan, aka tabbatar da hukuncin a Melbon a 2011. Bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, farar ƙaya Vachellia sieberiana, dakwara kuma Senegalia senegal. Gawo dama tun 1934 Auguste Chevalier ya ware masa gida nasa, Faidherbia.

2.5 Shigowar Tsarin Kimiyya Ƙasar Hausa

Hugh Clapperton ya bi ta Zurmi a 1824 a tafiyarsa tsakanin Kano da Sakkwato. Tsirran da ayarinsu ya tattara Robert Brown ya yi nazarinsu a 1826, kuma a cikin wannan nazari ya kafa gidan Parkia, wanda ɗorawa take ciki, don tunawa da Mungo Park. Daga baya an daɗe ana kiran ɗorawar Arewa Parkia clappertoniana kafin a mayar da ita ƙarƙashin Parkia biglobosa. Heinrich Barth ya ratsa Zurmi da Badarawa a 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Wurno, kuma littafinsa cike yake da sunayen itatuwa na Hausa.

Aikin da ya fi tasiri shi ne na J. M. Dalziel, likita ɗan Sikotland da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya. Ya wallafa A Hausa Botanical Vocabulary a 1916, ya haɗu da Hutchinson suka fitar da Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936, sannan ya biyo da The Useful Plants of West Tropical Africa a 1937. Sunansa ne a jikin hano, Boswellia dalzielii. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun fito ne a zamanin waɗannan ayyuka, don haka sunayen Latin da ke cikinsu na wancan lokaci ne. Mai neman kaɗanya a can zai tarar da Butyrospermum, alhali sunan da ake aiki da shi yau shi ne Vitellaria paradoxa.

3.0 Tsarin Bahaushe

Brent Berlin da Dennis Breedlove da Peter Raven, bayan nazarinsu a kan al'ummar Tzeltal ta Meziko, sun nuna a 1973 cewa al'ummomin da ba su karanta Linnaeus ba suna rarraba halittu a matakai masu kama da juna. Idan aka ɗora sunayen Hausa a kan wannan ma'auni, za a ga matakan a fili.

3.1 Matakan Rabe-Rabe

A mataki na sama akwai tsiro, jam'insa tsirrai. Ƙarƙashinsa akwai rabon da ya danganci yanayin girma: itace ko bishiya, da ciyawa, da masu yaɗo irin su duma da kabewa da garafuni. A karin yamma ana cewa icce ga tilo, itace ga jam'i, ciyawa kuma haki. Wannan rabo kusan shi ne na Theophrastus. A gefensa akwai wani rabon da ya danganci hannun ɗan Adam, wato shuka da abin da ya fito da kansa, ko na gida da na daji. Akwai kuma rukunonin amfani, kamar hatsi da kayan miya da kayan marmari da kayan rini, inda baba da talaki suke haɗuwa.

Mataki na uku shi ne ƙashin bayan tsarin, wato sunaye na asali masu kalma ɗaya: aduwa, kanya, marke, sabara, tumfafiya, tafasa. A nan ne mafi yawan ilmin manomi da makiyayi yake. Mataki na huɗu harɗaɗɗun sunaye ne da aka gina a kan na asali, na biyar kuma ire-iren amfanin gona, kamar ƙaura da farfara a cikin dawa.

Wasu halittu ba su zauna daram a cikin rukunonin girma ba. Kauci yana fitowa a jikin wani icce, ƙuduji ko wuta-wuta yana tsotson saiwar dawa da gero, kainuwa tana yawo a kan ruwa. Naman kaza da lemar kwaɗi kuwa, waɗanda Linnaeus ya sa a ajinsa na 24, kimiyya ta fitar da su daga cikin tsirrai gaba ɗaya, musamman bayan rabon masarautu biyar da Robert Whittaker ya yi a 1969.

3.2 Ƙirar Harɗaɗɗen Suna

Harɗaɗɗen sunan tsiro a Hausa yana da sassa biyu, kai da mai fayyace shi, tare da mahaɗin -n ko -r a tsakani. Ta fuskar ƙira ya yi kama da sunan Linnaeus. Masu fayyacewar suna bin wasu hanyoyi sanannu:

(a) Dabba, don nuna cewa tsiron na daji ne ko ba abincin mutum ba ne: magaryar kura, gautan kura, albasar kura, albasar kwaɗi, gyaɗar awaki, duman kada, tsamiyar biri.

(b) Muhalli: gwandar daji, rogon daji, tsamiyar kurmi, bagaruwar ƙasa, doyar bisa.

(c) Wurin da ake jin tsiron ya fito: dawar Masar, wadda ta taƙaita ta zama masara, da dankalin Turawa, da kwakwar Attagara, da bagaruwar Makka, wanda ɗaya ne daga sunayen da aka rubuta wa zogale.

(d) Launi: farar ƙaya, farin ɓaure, jar dawa.

(e) Jinsi: namijin kaɗanya, namijin goro, namijin gwanda.

Rukuni na ƙarshe yana buƙatar lura. A gwanda da dabino da giginya, namiji namiji ne a kimiyyance, domin waɗannan tsirrai suna da bishiya mai furen namiji da mai furen mace. A namijin kaɗanya kuwa, kalmar tana nufin wani icce dabam, Lophira lanceolata, wanda ganyensa ya yi kama da na kaɗanya amma danginsu ba ɗaya ba. Haka namijin goro, Garcinia kola, ba ya cikin dangin goro. Kalma ɗaya tana aiki biyu, kuma mai fassara da bai san icen ba zai iya ɗaukar na biyu a matsayin na farko.

4.0 Inda Suka Haɗu da Inda Suka Rabu

Daga nan za a yi amfani da dangi ga rukuni irin na Malvaceae, jinsi ga kalmar farko ta sunan Latin, nau'i ga cikakken sunan mai kalma biyu, iri kuma ga abin da ke ƙasa da nau'i. Za a kawo dalilin wannan zaɓi a 5.3.

4.1 Suna Ɗaya, Nau'i Ɗaya

A manyan itatuwan gona da na daji, sunan Hausa yakan faɗa daidai kan nau'i guda. Aduwa ita ce Balanites aegyptiaca, kanya Diospyros mespiliformis, sabara Guiera senegalensis, giginya Borassus aethiopum, goriba Hyphaene thebaica. Wasu harɗaɗɗun sunaye ma sun dace da jinsin kimiyya. Magarya ita ce Ziziphus mauritiana, magaryar kura kuma Ziziphus mucronata. Gauta da gautan kura duk Solanum ne. A nan idon manomi da na masanin kimiyya abu ɗaya suka gani.

4.2 Inda Hausa Ta Fi Tsattsefewa

Gero da maiwa da dauro nau'i ɗaya ne a kimiyya, wanda aka daɗe ana kira Pennisetum glaucum. Ga manomin Shinkafi kuwa abubuwa ne mabambanta: gero yana nuna da wuri, ya fitar da gida daga yunwar tsakiyar damina, maiwa tana jinkiri sai ƙarshen damina, dauro kuma dasa shi ake yi. Akwai kuma shibra, mai fitowa a gonar gero tana kakkaɓe ƙwayarta kafin girbi, wadda masana suka aro sunanta suka shigar a rubuce-rubucensu. Haka dawa da takanda da karan dafi duk Sorghum bicolor ne, amma ɗaya ta tuwo ce, ɗaya ta sha, ɗaya ta rinin fata. Da D. L. Curtis ya rarraba dawar Nijeriya a 1967, sunayen ƙaura da farfara ya ɗauka ya sa wa biyu daga rukunoninsa.

Irin wannan tsattsefewa tana kaiwa har ga matakan rayuwar tsiro. Kaba ganyen goriba ce, muruci kuma tsiron ƙwallon giginya ne da ake haƙowa a dafa. A jinsin Ficus, Hausa ta ba ɓaure da gamji da cediya da durumi sunaye masu zaman kansu, ba tare da wata kalma guda da ta tattara su ba.

4.3 Suna Ɗaya, Dangi Dabam

Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Gwandar daji, Annona senegalensis, 'yar ƙasa ce, gwandar gida kuwa, Carica papaya, daga nahiyar Amurka ta fito, kuma danginsu ya yi nisa da juna. Tsohon sunan ta gida, gwandar Masar, yana nuna cewa ta dajin ce take da sunan tun farko. Da baƙuwar ta yawaita a gidaje sai ta karɓe sunan, 'yar gida ta koma ɗaukar ƙarin bayani. Dankali, Ipomoea batatas, ya fi kusa da duman kada, Ipomoea asarifolia, a kan dankalin Turawa, wanda ɗan'uwan gauta ne. Shi kuma duman kada ba ya cikin dangin duma. Rogon daji ɗan dangin inabi ne, abin da ya haɗa shi da rogo kawai kaurin saiwa.

Sunan Latin ma yana da irin nasa ruɗin. Tamarindus ya samo asali daga Larabcin tamar hindi, wato dabinon Indiya, aka kuma ƙara masa indica, alhali masana sun fi karkata ga cewa Afirka ce asalin tsamiya.

4.4 Dangantakar da Ba Ta da Suna

Akwai inda ilmin Bahaushe ya riski dangantakar asali ta hanyar ɗanɗano da aiki. Kuka da kuɓewa da lalo da dargaza duk an san su da yauƙi. A tsarin Hutchinson suna cikin dangi uku mabambanta, amma APG ta haɗe su a Malvaceae, tare da rimi da rama da yakuwa da auduga da goro, kuma yauƙin na daga siffofin da dangin ya shahara da su. Sai dai karkashi, wanda shi ma miyar yauƙi ce, ɗan dangin riɗi ne, don haka rukunin mai girki bai zo ɗaya da na kimiyya ba ta kowace fuska. Maɗaci da dogon yaro, waɗanda aka sani da ɗaci ana kuma sha don zazzaɓi, duk Meliaceae ne, ko da yake na biyun baƙo ne daga Indiya. Sabara da geza da taramniya da marke da baushe, waɗanda su ne galibin itacen dajin Zurmi, dangi ɗaya ne, Combretaceae.

A wani wurin kuma kimiyya tana haɗa abin da manomi ba zai taɓa haɗawa ba. Tun 2010 masana da yawa suka shigar da Pennisetum cikin Cenchrus, gero ya zama Cenchrus americanus, jinsi ɗaya da ƙarangiya da kyasuwa.

4.5 Tasirin Karin Harshe

Wasu bambance-bambancen na furuci ne kawai, kamar kaɗe da kaɗanya, kaiwa da kanya, ɗunya da ɗinya. Wasu kuwa suna sauya ma'ana. A karin yamma hatsi yana nufin gero a keɓe, a Kano kuwa ya haɗa gero da dawa da makamantansu. Gujiya a Sakkwatanci ita ce gyaɗa, Arachis hypogaea, wadda jirgi ya riƙa kwasa daga Ƙauran Namoda. A Kananci gujiya ko gurjiya ita ce Vigna subterranea, wadda mutanen yamma suke kira kwaruru. Ga kuma icen Bombax costatum da ake kira gurjiya ko kurya. Suna guda ya hau kan tsirrai uku.

5.0 Abin da Wannan Ke Nufi ga Manazarta

5.1 Ƙamus da Fassara

Shigar da sunan tsiro a ƙamus ba ta cika sai an faɗi yankin da ake amfani da shi, da sunan Latin na yanzu, da tsohon sunan da za a tarar a Dalziel ko Bargery. Misali, tsohon jinsin Cassia an raba shi uku a 1982: tafasa da rai-ɗore da filasko suka koma Senna, bagaruwar ƙasa ta koma Chamaecrista, marga ta zauna a Cassia. Manazarcin da ya kwafo tsohon suna ba tare da wannan bayani ba yana sa mai karatu ya ɗauka tsirrai biyu ake magana a kai, alhali ɗaya ne.

5.2 Binciken Magani

A nan kuskure yana iya taɓa rai. Albasar kura tana ɗauke da sinadarai masu taɓa bugun zuciya, duman kada kuma yana sa dabbobi makyarkyata idan sun ci shi da yawa, amma sunayensu suna jingine da abinci da kayan amfanin gida. Nonon kurciya suna ne da ya rufe ƙananan nau'o'in Euphorbia fiye da ɗaya. Kauci kuwa, mai magani yana rarrabe shi ne da icen da ya hau, ya ce kaucin kaɗanya ko kaucin ɗorawa ko kaucin tsamiya, alhali nau'in kauci guda yana iya hawa itatuwa da yawa, icce guda kuma ya ɗauki nau'i fiye da ɗaya. Wanda ya rubuta sunan Latin ya bar sunan icen ya zubar da bayanin da mai maganin ya fi ba muhimmanci, wanda kuma ya rubuta sunan Hausa kaɗai bai ba wani damar maimaita gwajinsa ba. Mafita ita ce a haɗa kowane suna da busasshen samfuri mai lamba, a ajiye a ma'adana irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan.

5.3 Keɓaɓɓun Kalmomi

Nazarin harshe da adabi ya sami daidaitattun kalmominsa a Hausa Metalanguage na 1990. A fagen tsirrai kuwa marubuta suna musanya jinsi da nau'i da iri da dangi yadda ya zo musu. Shawarar maƙalar ita ce a bi tsarin da malaman zaure suka riga suka sani daga ilmin manɗiƙi, inda jinsi yake sama, nau'i yake ƙarƙashinsa, kuma haka litattafan kimiyya na Larabci suke amfani da su. Iri ya dace da mataki na ƙasa domin shi ne kalmar manomi ga abin da yake ajiyewa don shuka, dangi kuma ya hau sama da jinsi. Da wannan za a ce ƙaura iri ce a nau'in dawa, a jinsin Sorghum, a dangin ciyayi. Gaskiya ne jinsi yana da wata ma'ana a nahawu, amma muhallin magana ya isa ya bambance su.

5.4 Gaggawar Tattara Sunaye

Sunan tsiro a daji ake koyonsa, wurin kiwo da itace da saran magani. Rashin tsaron da ya addabi arewacin Zamfara fiye da shekaru goma ya hana mutane da yawa shiga dazuzzuka irin na Dumburum a ƙasar Zurmi, ya kuma tayar da ƙauyuka zuwa cikin garuruwa. Yaron da ya tashi a gari zai san kuka da tsamiya domin ana sayar da su a kasuwa, amma da wuya ya rarrabe geza da taramniya. Dattawan da suka san waɗannan sunaye da yawansu suna zaune yanzu a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi da Gusau, inda mai bincike zai iya isa gare su. Aiki ne da ya kamata sassan Hausa da na kimiyyar tsirrai na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau su yi tare, da gudummawar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, domin masanin harshe ne zai kama karin sauti da tsawon wasali da karin harshe, masanin tsirrai kuma ya tantance samfuri.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tsarin kimiyya ya sauya ma'auni sau da yawa, daga yanayin girma zuwa ƙirgar sassan fure, zuwa kamanni masu yawa, zuwa dangantakar asali, kuma sunayensa suna ci gaba da sauyawa. Tsarin Bahaushe yana da matakai biyar da ƙa'idar harɗa suna, ya dace da kimiyya a manyan itatuwa, ya fi ta tsattsefewa a gero da dawa, ya kuma saɓa mata a sunayen da aka gina kan kamanni. Kowane tsari tambayarsa yake amsawa: masanin kimiyya yana son sanin asalin tsiro, manomi da mai magani suna son sanin lokacin nunarsa da amfaninsa da cutarwarsa. Abin da ya rage ga manazarcin Hausa shi ne ya rubuta suna tare da garin da aka ji shi, da bayanin mai faɗarsa, da samfurin da za a iya komawa a duba.